Tsohuwar Kwamfuta Ba Ta Mance Ƙasar Haihuwarta

 Sharhin namu na yau zai leƙa wata kasuwa ce da ba ta da rumfa ko ɗaya a Kurmi ko Sabon Gari, amma kuɗi na zagayawa a cikinta dare da rana. Kasuwar tsofaffin kwamfutocin gida nake nufi, waɗanda aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1990, waɗanda yanzu ake tattaro su daga ɗakunan ajiya ana aika su daga wata ƙasa zuwa wata.

Ga wanda bai riski zamanin ba, kwamfutar gida ta lokacin yawanci ba ta zuwa da allon kallo nata. Akwati ce mai madannai a bisa, ka jona ta da talabijin ɗin falo, ka kawo rikoda ka sa kaset, ka zauna jiran wasa ya gama shiga cikinta. Commodore 64 ta fito a Amurka a 1982, kuma ko a ƙididdiga mafi ƙanƙanta an sayar da fiye da miliyan 12. A watan Afrilun shekarar ne Clive Sinclair ya fitar da ZX Spectrum a Ingila, ƙaramar a kan fam 125, babbar a kan fam 175. Kamfanin Acorn ya yi BBC Micro a 1981, ta cika makarantun Birtaniya. Japan ta zo da tsarin MSX a 1983, Amiga 500 kuma ta biyo baya a 1987.

Yaran da suka buɗe ido da waɗannan na'urori yau sun ba shekara 50 baya, sun sami abin hannu, suna neman abin da suka taɓa riƙewa suna ƙanana. Akwai kuma gidajen tarihi, da makaɗan zamani masu son sautin da Commodore 64 ke fitarwa, da ɗaliban da ke son ganin na'urar da mutum ɗaya zai iya fahimtarta daga farko har ƙarshe. A 2014 gidan tarihin Henry Ford ya sayi Apple I guda ɗaya a gwanjo a kan dala 905,000. Wannan na manya ne. Mafi yawan cinikin na talakawa ne, tsakanin wani dattijo a Manchesta da wani saurayi a Teksas, ko tsakanin mai shago a unguwar Akihabara ta Tokyo da mai saye a Jamus, ta eBay ko gwanjon Yahoo na Japan.

To ina matsalar take? Mai sauraro, in cajar wayarka na kusa, ɗauko ta ka juya bayanta. Za ka ga ƙananan rubutu, a ciki akwai 100 zuwa 240, kusa da shi kuma 50 da 60. Ma'anarsa ita ce wannan caja za ta sha wutar Kano, ta sha ta Niyok, ta sha ta Tokyo, ba ta tambayi kowa ba. Mun saba da haka har mun ɗauka can ma haka kayan lantarki suke. Ba haka suke ba. Kwamfutar 1982 an ƙera ta ne don wutar ƙasa ɗaya da talabijin ɗin ƙasa ɗaya, kuma wannan bambanci ya shiga har cikin saurin tunaninta. Saboda haka duk gwajin da mai sayarwa ya yi mata a ɗakinsa shaida ce a kan ɗakinsa kawai. Ra'ayina, kuma shi zan tsaya a kai yau, nauyin faɗin wannan gaskiya yana wuyan mai sayarwa ne tun kafin a yi maganar kuɗi.

Mu fara da wuta, don ita ce mai kisa nan take. Amurka da Kanada suna kan bolt 120. Turai tana kan 230, bayan an haɗe 240 na Birtaniya da 220 na sauran ƙasashen a lamba ɗaya. Mu nan Najeriya da Gana muna kan 230, Nijar na kan 220. Wannan darasi ba baƙo ba ne a wurinmu. Da wuya ka sami mai gyaran rediyo da ba a taɓa kawo masa na'urar da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka ba, an sa mata adaftan filogi an soka a soket, ta yi ƙara ɗaya ta tashi da hayaƙi. Adaftan filogi siffar ƙafafu kawai yake canzawa, ba ya rage wuta ko kaɗan. Ninki biyu na abin da aka ƙera na'ura dominsa ya isa ya ƙone taransifomarta kafin hannunka ya bar makunni. In kuwa aka juya, aka kai ta Turai Amurka, ba ta ƙonewa, sai dai ta ƙi tashi, ko ta tashi tana rikicewa, mai saye ya yi ta zargin an sayar masa da matacciya alhali yunwar wuta ce ke damunta.

Japan kuma nata daban ne. Wutarta bolt 100 ce, ƙasa da ta kowa. Wanda ya sayo MSX ko Sharp X68000 daga can ya ce ai yana da sitef-dawun irin na kayan Amurka, to ya sani abin da zai fito masa 110 ne zuwa 120, ya ɗara abin da na'urar ta saba sha. Ba za ta mutu ran nan ba, amma za ta riƙa ɗaukar zafi, kuma kayan cikinta sun kusa shekara 40. Sannan akwai abu na biyu da ba a cika kula da shi ba. Wutar soket kai da komowa take yi, a wasu ƙasashe sau 50 a daƙiƙa, a wasu sau 60. Mu da Turai 50 ne, Amurka 60. Japan ta haɗa duka biyun a ƙasa ɗaya, gabas 50, yamma 60, saboda Tokyo ta sayo injinan wutarta daga kamfanin AEG na Jamus a 1895, Osaka kuma ta sayo nata daga General Electric na Amurka a shekarar da ta biyo. Cinikin da aka yi fiye da ƙarni guda ke nan har yau bai sake su ba. Sitef-dawun yana rage ƙarfin wuta, amma ba ya taɓa wannan bugu. Taransifomar da aka naɗa don 60, in aka ba ta 50, ta fi yin zafi.

Bari in tsaya a kan abu ɗaya mu dube shi da kyau, wato akwatin wutar Commodore 64. Dunƙule ne mai nauyi, waya ɗaya ta tafi bango, ɗaya ta tafi kwamfuta da kai mai zagaye. Iri biyu na wuta yake bayarwa: bolt 5 mai tafiya miƙe, wadda ƙwayoyin aisi ke sha, da bolt 9 mai kai da komowa. Yawancinsu an cika cikinsu da wani ƙaro mai daskarewa, ya rufe komai ruf, ba a iya buɗewa a gyara, zafi kuma ba ya samun hanyar fita da sauƙi. Da shekaru suka tura, ɗan abin da ke tsare wutar a kan bolt 5 sai ya gaji. Abin takaicin shi ne ba mutuwa yake yi ya huta ba. Sakin wutar yake yi ta haura, ta wuce 5 da rabi, ta bi ta kan ƙwayoyin ajiya guda takwas da ke kan fanel ɗin tsohon samfurin ta soye su ɗaya bayan ɗaya. Daga waje ba ka ganin komai, fitilar nan ja tana ci, allo kuwa baƙi ƙirin. Masu wannan harka da yawa ba sa yarda su jona tsohon akwatin ko sau ɗaya sai sun auna shi da mita. Ita kuma bolt 9 ɗin, daga bugunta ne wani agogo da ke cikin kwamfutar yake ƙirga lokaci. Manhajar da ta ɗauka sau 60 ne, aka ba ta 50, agogonta zai riƙa makara da minti 10 a kowace awa.

Don haka ni ban ga hikimar biyan kuɗin jirgi a ɗauki wannan dunƙule a tsallaka teku da shi ba. Nauyi ne, bai dace da wutar inda za shi ba, kuma ko a gidansu abin tsoro ne. Ana ƙera sababbi yanzu don kowace ƙasa. Mai sayarwa ya rage farashi, ya gaya wa mai saye ya nemi sabo a inda yake.

Sai dai a nemi daidai. ZX Spectrum bolt 9 take sha, amma tsakiyar filoginta ita ce waya mai ragi, akasin yawancin adaftocin da ke kasuwa yau. Ka sami wanda ya shiga ramin daram, ka kunna, ka kashe ta. Amiga 500 da Commodore 128 kan wayar wutarsu mai kusurwa huɗu ne, kamar an zuba su a mazubi ɗaya, amma abin da ke gudana a ciki daban ne. Amstrad CPC 464 ta 1984 kuwa daga jikin monitarta take shan wuta, don haka wanda ya sayi kwamfutar ita kaɗai don gudun nauyi zai buɗe kwali ya tarar ba shi da abin kunna ta. Na'urar karanta faifai ta Commodore 1541, ta farkon, taransifomarta a cikinta take, ita ma da ƙasarta. BBC Micro kuma tana da wasu 'yan kwandansa na takarda, ƙirar RIFA, a sashen wutarta. Rufinsu kan tsattsage da tsufa, danshi ya shiga, ranar da aka kunna bayan dogon kwanciya sai su fashe, ɗaki ya turnuƙe da hayaƙi mai ɗoyi. Canza su ba tsada, aikin 'yan mintuna ne ga mai iya dalma, amma sai wanda aka gaya wa.

Yanzu mu koma kan hoto. Lokacin da aka fara talabijin, injiniyoyi sun ɗaure saurin zana hoto da bugun wutar ƙasa, don kada wani baƙin layi ya riƙa yawo a allo. Shi ya sa Amurka ta tsaya a layi 525 ana zanawa kusan sau 60 a daƙiƙa, Turai kuma layi 625 sau 50. Da launi ya zo sai aka sake rabuwa gida uku. Amurka ta amince da NTSC a 1953, Japan ta bi ta. Walter Bruch na kamfanin Telefunken ya ƙirƙiro PAL, Birtaniya da Jamus ta Yamma suka fara watsa shi a 1967. Faransa ta riƙe SECAM na Henri de France, ita ma a 1967, Tarayyar Sobiyet ta ɗauka tare da ita. Siyasa ta yi aiki a nan fiye da kimiyya, kuma rabon ya biyo mu har gida. Najeriya da Gana suka tafi PAL, Nijar ta tafi SECAM. Tsakanin Katsina da Maraɗi harshe ɗaya ne, dangi ɗaya, amma akwatin da PAL kaɗai ya sani, in ya kamo tashar ƙetaren iyaka, baƙi da fari zai nuna. Waɗanda suka yi zamanin kaset ɗin bidiyo kuma sun tuna wanda akan aiko daga Amurka, a sa shi hoto ya yi ta birgima ba launi, sai an nemi bidiyo mai karɓar kowane tsari.

Abin da ke faruwa da kwamfutar ke nan, domin ita a wurin talabijin wata ƙaramar tasha ce. Ta ramin eriya take shiga. Ta Amurka tana watsa kanta a tasha ta 3 ko ta 4, ta Birtaniya a ta 36. Ko a cikin gidan PAL ɗin ma ba a gama daidaitawa ba, domin tazarar da Birtaniya ta sa tsakanin hoto da sauti ta bambanta da ta Jamus. Sai ka ga Commodore 64 ta Landan a kan talabijin ɗin Hambag, hoto tas, sauti kuwa shuu kawai. Faransawa su suka huta, don a 1980 doka ta tilasta a sa wa duk talabijin da za a sayar a ƙasar wani babban soket mai fil 21, wanda duniya ta sani da SCART. Ta nan ja da kore da shuɗi kowanne ke bin wayarsa, babu ruwansu da PAL ko SECAM. Shi ne hoto mafi kyau da wasu daga cikin waɗannan na'urori ke iya bayarwa, amma talabijin ɗin Amurka ba su da wannan soket.

Akwai tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa. Barazil tana da nata kwamfutocin, irin su TK90X ta kamfanin Microdigital da ta fito a 1985, kwaikwayon Spectrum. Mai sayarwa zai ce maka PAL ce, kuma bai yi ƙarya ba. Amma PAL ɗin Barazil layi 525 ne sau 60, launin kawai aka aro daga Jamus. Ajantina ma da nata samfurin. A ƙasashen Larabawa kuma akwai Sakhr, wato MSX da kamfanin Al Alamiah na Kuwait, na Muhammad al-Sharikh, ya sa aka ƙera masa a Japan da haruffan Larabci a kan madannai. Ta yaɗu a ƙasashen Tekun Fasha da Masar, kuma yau ana nemanta ƙwarai. A wancan zamani gidajen Saudiyya wasu na kan bolt 127, wasu na kan 220. Duk wanda irin wannan ta faɗo hannunsa, kada ya yi hasashe daga sunan ƙasa, ya kifa ta ya karanta takardar da ke manne a ƙasanta.

Wani zai ce to ai yanzu akwai na'urorin da ke karɓar tsohon hoto su mai da shi HDMI, irin su OSSC da RetroTINK. Gaskiya ne, kuma suna aiki mai kyau. Amma akwai abin da ba za su iya gyarawa ba, kuma a nan ne labarin ya fi burge ni. Don rage kuɗi, masu ƙera Commodore 64 ba su sa agogo biyu ba. Ɗan lu'ulu'u guda ne a kan fanel, wanda ke bayar da bugun da launin talabijin ke buƙata, daga shi kuma ake rarraba bugun da ƙwaƙwalwar kwamfutar ke tafiya a kai. Sakamakon haka ta Amurka na bugawa kusan sau 1,023,000 a daƙiƙa, ta Turai kusan 985,000. Ƙwayar zana hoto ma daban: 6567 a Amurka, mai layi 263, da 6569 a Turai, mai layi 312. Masu rubuta wasanni a lokacin kuwa ba su da abin ɓarnatarwa. Ƙirga bugu suke yi ɗaya bayan ɗaya, su san daidai inda hasken talabijin ya kai a kan allo, su canza launi ko su motsa hoto a wannan ƙiftawar. Wasan da aka auna shi a kan layi 312, in ka kai shi inda 263 ne kawai, lokaci ya ƙare masa kafin ya gama aikinsa. Hoto ya yi ta karkarwa, ko wasan ya tsaya cik. In ma ya tafi, kiɗan da irin su Rob Hubbard da Martin Galway suka tsara a kan sau 50 zai riƙa gudu a kan 60, ya ƙara sauri da kashi 20 cikin 100. Kunnen da ya san waƙar zai ji nan take ba ita ba ce.

Shi ya sa za ka ga Ba'amurke yana neman ta Turai da gangan, domin mafi yawan wasannin ƙarshen shekarun 1980 a Turai aka rubuta su. A Amiga bambancin a ido yake: allon Turai layi 256, na Amurka 200, don haka wasan Turai a kan ta Amurka ƙasansa a yanke yake, sau da yawa inda aka rubuta maki da sauran rai. Kamfanonin kansu sun sha wuya a wannan gaɓa. Timex ta kai Spectrum Amurka a 1983 da sunan Timex Sinclair 2068, ta canza cikinta har yawancin wasannin Ingila suka ƙi tafiya a kanta, a farkon 1984 ta fice daga kasuwar. Acorn ma ta kashe kuɗi mai yawa wajen gyara BBC Micro don Amurka, kasuwar ba ta karɓe ta ba. In kamfani mai injiniyoyi ya yi tuntuɓe a nan, ina ga mutum ɗaya mai kwali da salatif?

Na san amsar da wasu masu sayarwa ke bayarwa: kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, wanda ya sayi kayan shekara 40 ya san akwai kasada. Ban yarda wannan ya wanke su ba. Tsufa aibi ne da kowa ke gani. Ƙasar da aka ƙera wa na'ura kuwa ba a ganinta a hoto, don Commodore 64 ta Amurka da ta Jamus in ka ajiye su gefe da gefe ba za ka bambance su ba. Mai sayarwa shi ke riƙe da ita, shi zai iya kifa ta, shi zai iya kwance sukuru uku ya karanta lambar da ke kan aisi. Malaman fiƙihunmu sun daɗe da bayyana cewa wajibi ne mai sayarwa ya faɗi abin da ya san mai saye zai ƙi in da ya sani, kuma ban ga abin da ya fitar da cinikin intanet daga wannan hukunci ba. Abin da ake nema kuma ba shi da yawa. Ya ce an ƙera ta don ƙasa kaza, wuta kaza take sha, hoto iri kaza take fitarwa, na gwada ta da akwatin wuta kaza a kan talabijin kaza. Ya ɗauki hoton takardar ƙasanta da na fanel. Ya nuna madannan, don na Faransa da na Jamus jerin haruffansu ya saɓa da na Ingila. In ya ga adireshin mai saye na wata nahiya ne, ya tambaye shi ko ya san abin da yake saye, kafin ya karɓi kuɗi. Cinikin da ya mutu a wannan tambaya, da ma rigima ce aka kauce wa.

Akwai masu cewa a sauƙaƙa, a juya na'urar kawai ta koma ta ƙasar mai saye. A Commodore 64 ana iyawa: a canza ƙwayar hoto, a canza lu'ulu'un, a gyara wata 'yar gada a kan fanel. Ni dai ina jan hankali a nan. An daina ƙera waɗannan ƙwayoyi tun da daɗewa, yawancin waɗanda ake samu daga jikin wata na'urar aka ciro su. Kuma kwamfutar da aka juya ba a rubuta ba, ita ce za ta rikita mai saye na gaba, takardar ƙasanta na faɗin abu ɗaya, cikinta na yin wani. In dole ne, a yi gyaran da za a iya warwarewa, a ajiye tsofaffin kayan a cikin kwalin, a manna takarda a ciki mai bayanin abin da aka taɓa. Gyaran da ba na jayayya da shi shi ne na ceton rai: canza kwandansan da suka tsufa, da cire batirin nan mai kamar ƙaramar ganga da ke kan katin ƙarin ajiya na Amiga 500, wanda ke yoyo ya cinye layukan tagulla har fanel ya yi kore.

Maganar aike ba zan daɗe a kanta ba. Robar shekara 40 ta bushe, tana karyewa da ɗan bugu, don haka kwali biyu ake yi, ɗaya cikin ɗaya. Monita mai doro kuwa a bar ta a ƙasarta, nauyinta ya fi darajarta, kuma da wuya ta isa da ranta. Kwastam ma sun canza. Tun farkon 2021 kaya tsakanin Birtaniya da Tarayyar Turai sai da takardar kwastam, a watan Yulin shekarar Tarayyar ta soke rangwamen haraji da take yi wa ƙananan kaya na ƙasa da yuro 22, Amurka kuma ta janye nata na dala 800 a watan Agustan 2025. Mai saye ya san da wannan kafin ɗan aike ya tsaya masa a ƙofa da takardar biya. Kuma a rubuta gaskiyar farashi a fom, don in kaya ya ɓata, abin da aka rubuta shi inshora za ta biya.

A ɓangarenmu, wanda ke nan Kano ko Damagaram ko Kumasi yana sha'awar irin wannan, ta Turai ta fi dacewa da shi, don ƙarfin wutarmu da bugunta kusan ɗaya ne da nasu. A Najeriya da Gana ma filogin Birtaniya mai ƙafa uku kai tsaye yake shiga soket. Yawancin talabijin da ake sayarwa a nan suna karɓar tsari fiye da ɗaya, sai dai filasma ta zamani takan yi gardama da hoton waɗannan na'urori, wani lokaci ta nuna shi da jinkiri, wani lokaci ta ce ba ta ga komai ba. Tsohuwar talabijin mai doro da aka jingine a lungu ta fi ta iya wannan aiki nesa ba kusa ba, don dominta aka yi su. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wutarmu. Dawowarta da ƙarfi bayan an ɗauke, da ƙaramin janareta da bugunsa ke hawa da sauka duk lokacin da firji ya tashi, ba abin da tsohuwar taransifoma za ta jure ba ne. A sa sitabilaiza, in da hali a bi ta inbata mai tsabtar wuta, kuma a zare filogi da zarar an gama.

Sai 'yan'uwanmu 'yan jari-bola da masu kwance kwantenar kayan gwanjo. A cikin tarkacen da ke shigowa daga Turai akan sami irin waɗannan, kuma abin da aka saba shi ne a fasa a cire tagulla a sayar a kilo. In ka ga akwati mai madannai a jikinsa an rubuta Commodore, ko Sinclair, ko Amstrad, ko Atari, ko MSX, dakata da guduma. Kada kuma ka ce bari ka gwada ta da cajar da ke kusa. Kifa ta, ka ɗauki hoton takardar da ke ƙasanta, ka nuna wa mai gyaran da ya san aikinsa ya auna ta tukuna. Ko ba ta tashi ba, ƙwayar sautin Commodore 64 guda ɗaya, mai lamba 6581 ko 8580, in tana da rai, ta fi tagullar da ke cikin akwatin gaba ɗaya kuɗi.